Ku Tambaya Mu Amsa: Wane katako ne zai maye gurbin balsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son haɗa ƙaramin jirgin sama mai rimot, tsawon fiffikensa mita ɗaya. Zanen da na samu ya ce a yi da balsa, na zaga kasuwa ban samu ba. Ko katakon 'yan katako zai yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Zai yi, muddin ba za ka bi awon da ke jikin zanen sau da ƙafa ba.

Balsa itace ne na Kudancin Amurka, akasarinsa daga Ikwado ake fitar da shi, kuma rashin nauyi ne ya sa ake nemansa. Guntu mai tsawon santimita 10, faɗi 10, kauri 1 yakan yi kamar giram 16. Obeche mai wannan girman, wanda a Gana ake kira wawa, a Kamaru ayus, yana kaiwa giram 38. Rimi, wanda 'yan katako da yawa suka fi sani da araba, yana tsakanin su biyun, kuma dangin balsa ne ma. Malaina ta fi obeche nauyi, ka bar wa masu kujeru. Mu dai obeche muka fi ba ka shawara: sau da yawa jijiyarsa a miƙe take, yana yankuwa sumul, yana kama gam. Rimi ya fi shi sauƙin nauyi, amma yana da gautsi, ƙwari kuma na son sa.

Ka je da ƙaramin sikeli, domin katako biyu masu suna ɗaya kan bambanta sosai. Ɗauki mafi rashin nauyi, marar ƙulli, wanda jijiyarsa ba ta karkace ba. In ka ga ƙananan huji da gari kamar fulawa na zuba, ƙwaro ya riga ka, ajiye shi. Yawancin katakon kasuwa ɗanye ne, don haka bayan an tsaga a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakani iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama. Riƙa auna guntu ɗaya duk bayan kwana uku. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya bushe. Rana ko iskar hunturu kai tsaye murɗe shi za su yi.

Ga inda aka fi yin kuskure. Tunda obeche ya ninka balsa nauyi fiye da sau biyu, sai mutum ya rage kaurin komai da rabi. To, sandar da aka rage wa kauri da rabi ta ɓangaren da take lanƙwasa, taurinta ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas yake komawa. Saboda haka azarar fiffike, wato doguwar sandar da ke ratsa tsawonsa, in zane ya ce milimita 6 da 6, ka yi ta 3 da 6, ka tsayar da ita a kan siririn gefenta, 6 ɗin yana tsaye. Haƙarƙarin fiffike, wato guntayen da ake jerawa a kan azara su ba shi siffa, na milimita 3 su koma 1.5, a huda tsakiyarsu a bar gefe kamar milimita 5. Injin fere katako kan farfasa abin da ya kai wannan siranta, gara a tsaga da ɗan kauri a ƙarasa da samfefa. Sa takunkumi, ƙurar obeche tana tayar wa wasu da asma.

Wutsiya kuwa kada ka yi ta da katako zalla. Giram ɗaya da ya ƙaru a can sai ka biya shi da uku ko huɗu a hanci kafin jirgi ya daidaita. Yi mata firam da siraran sanduna ka rufe da leda, ko ka yanka ta daga farin kumfan da ake ƙunshe kayan lantarki da shi.

Wajen mannawa, farin gam na kafintoci ya fi, a shafa kaɗan, a matse da maƙalan shanya, a bar shi ya kwana. Sufa gulu ba ya shiga obeche kamar yadda yake shiga balsa, kuma yana narkar da kumfa. Kada ka soka fil a siririyar sanda, tsagewa za ta yi. Kafa fil biyu a gefe da gefe su riƙe ta. In ka gama, ɗora jirgin a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa daga gaba. In wutsiya ta rinjaya, matsar da batir gaba kafin ka ƙara wani nauyi.