Amsar tambayar Alhaji kan kwale-kwalen faiba

Salamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, barka da yamma, na saurari saƙonka. Ka ce kwale-kwalen faibar da kuke aiki da shi a Yawuri ya fito da ƙuraje a ƙasansa, kuma dandamalin da ake takawa ya fara lotsawa, alhali mai sayarwa ya rantse maka ruwa ba ya yi wa faiba komai.

To, ranka ya daɗe, rabin gaskiya ya faɗa maka. Faiba ba ta tsatsa, gara ba ta cinta, wannan haka ne. Amma tana shan ruwa, sai dai a hankali ƙwarai.

Ka san faiba abu biyu ne aka haɗa. Akwai zaren gilashi, akwai gam ɗin rezin da ake zubawa ya riƙe zaren. Kamar ginin ƙasa ne da aka kwaɓa da ramno, ciyawa na hana tsagewa, ƙasa na riƙe ciyawa. Zaren ne ke ɗaukar nauyi, amma in gam ya saki, zare shi kaɗai bai iya tsayawa. Danshi kuwa gam yake fara bi. Yana kutsawa ciki kaɗan kaɗan, wata da watanni, in bangon na da kauri har shekaru. Abin da zai sha bai taka kara ya karya ba, kamar kashi 1 ko 2 cikin 100 na nauyin abin. Wannan ɗan kaɗan ɗin ne ke kumbura gam, ya sa shi laushi, ya raba shi da zaren.

Yanzu ga inda zafi ya shigo, kuma nan nake so a saurara da kyau. Kowane rezin na da iyakar zafin da in ya kai, zai bar tauri ya koma kamar roba. Ruwan da ya sha yana saukar da wannan iyaka, a wasu nau'o'in kusan digiri 20 a kan kowane kashi 1 na ruwa. Shi kuma zafi yana ƙara wa ruwa saurin shiga. Ka ga kowanne na buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa. A watan Afrilu zafinmu na wuce digiri 40 a inuwa, abin da aka yi wa baƙin fenti aka bari a rana kuwa yana iya kai 70. Rezin mai araha, in ba a bar shi ya gama ƙamewa ba, iyakarsa ba ta da nisa da nan.

Shi ya sa ƙananan jiragen sama marasa inji da ake yi da faiba kusan duk farare ne, ba ado ba ne. Boeing 787 ma kusan rabin nauyin jikinsa irin wannan haɗi ne, da zaren kabon, kuma masu ƙera jirage sai sun jiƙa samfurin kayan a ɗakin danshi, su gwada ƙarfinsa yana da zafi, sannan su yi lissafi da wannan ƙarfin da ya ragu.

Wani abin da ke ruɗar mutane, in ka ja faibar da ta jiƙa ta tsawon zare, za ka ga ƙarfinta na nan kusan yadda yake. A dannawa da lanƙwasawa take ba da kai, sai shimfiɗun zaren da aka jera kan juna su fara rabuwa. Lotsawar da kake ji a ƙafa ke nan.

Ƙurajen kuma, ruwa ne ya ratsa fatar waje ya tarar da ɗan kogo da ragowar sinadari, ya narkar da shi, ruwan ya yi ta jawo wani ruwan har wurin ya kumbura. In ka huda ɗaya za ka ji wari mai tsami. A kula da ido, yakan yi tsartuwa.

Abin yi, ku fito da shi tudu, ku kife a inuwa. Ɗauki ƙaramar guduma ko kwabo ka bi jikin kana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya ƙara yake yi tsaf, wanda ya rabu sai ka ji dum dum. A yi wa wuraren alama, a kankare, a wanke da ruwa mai kyau, a bar shi ya bushe makonni, lokacin hunturu ya fi. Don Allah kar mai gyara ya shafa sabon rezin a kan jiƙaƙƙen wuri, kuɗinka ne zai tafi a banza. In da hali a yi facin da nau'in rezin da ake kira efoksi, ya fi nau'in foliyesta hana ruwa, ko da yake ya fi tsada. Saman kuma farin fenti.

Dandamalin nan shi ya fi damuna, don sau da yawa katako ne a ciki aka lulluɓe da faiba, in ruwa ya kai gare shi ruɓewa yake yi. Kar a ɗauki fasinja sai an buɗe an duba. Turo mini hotonsa ta sama da ta ƙasa, Alhaji, in gani.