Godiyar Me Muke Yi Bayan Biso?

'Yata,

Na karanta saƙonki sau uku. Kin ce tun ranar bison babanki abin yake cin ki a rai: 'yan zumuntar mata sun cika gida da tulu da kuge suna waƙa, ga shi kuma ana cewa ranar Lahadi iyali za su fita gaban ikkilisiya su yi godiya. Kika ce, "Goggo, godiyar me? Ba ƙarya muke yi wa Allah ba?" Ban ji zafin tambayar ba. Ƙanena ne aka binne, a bayana ya girma.

Ba a haife ki ba lokacin da rikici ya ɓarke a Jos ranar Juma'a, 7 ga Satumba 2001. Mun tsira da rai, muna cewa mun ga ƙarshen wahala, sai a Fabrairun 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone. Shagona na atamfa yana ciki, rabin kayan kuma na bashi ne. Na yi makonni bakina bai buɗe da addu'a ba. In na durƙusa, lissafin kuɗi kawai ke zuwa mini.

Matan zumunta suka zo, suka zauna a tabarma, suka ta da waƙa. Haushinsu na ji, kamar yadda kike ji yanzu. Amma da yake ba ni da ƙarfin tashi, dole na saurara. Sai na lura babu waƙa ko ɗaya da ta ce gobarar alheri ce, babu wadda ta yi mini alkawarin sabon shago. Duk a kan halin Allah suke: mai aminci ne, ba ya sākewa, ba ya gyangyaɗi a kan waɗanda yake tsaro. Cikin matan nan akwai wadda ta rasa ɗanta a rikicin, wata biyar kacal kafin nan. Ita ke buga tulun. Da wata ce da ba ta taɓa rashi ba, da na ce daɗin baki ne.

Ki buɗe Littafin Makoki a cikin Littafi Mai Tsarki. An rubuta shi bayan da mutanen Babila suka ƙone Urushalima. Sura biyar ce, kusan duk kuka, har marubucin yana cewa Allah ya toshe addu'arsa. A tsakiyar sura ta 3 ne ya ce jinƙan Ubangiji ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Lokacin da ya faɗi haka birnin yana nan kango, ba a mayar masa da kome ba. Abin da ya riga ya sani game da Allah tun kafin wutar, shi ya riƙe. Godiyar ranar Lahadi irin wannan ce. Mutuwa abokiyar gāba ce, ba ma gode mata. Muna tsayawa ne mu shaida cewa Allahn da ya ba mu babanki, ya ciyar da ku ta hannunsa, bai zama wani dabam ba ranar da ya rasu.

Akwai inda nake ba ki gaskiya. Masu zuwa ta'aziyya suna cewa "daina kuka, ba ki da bangaskiya ne?" sun yi kuskure, kuma nakan gaya musu. Manzo Bulus ya hana mu baƙin ciki irin na marasa bege ne, bai hana hawaye ba. Yesu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai ta da shi.

Ni ban sake buɗe shago a Terminus ba. Bashin ya ɗauke ni shekaru, da cinikin tebur a bakin titi na biya shi. Muryata kuwa sai da ta yi kusan shekara kafin ta dawo, duk tsawon lokacin nan matan ne suke waƙa a madadina.

Ranar Lahadi ki zo ki tsaya kusa da ni da mamanki. In bakinki ya ƙi buɗewa, ki bar shi, mu za mu yi. Ki zo da wuri, ki taya ta ɗaura zani, hannunta yana rawa tun ranar.

Goggonki