Al'ada ta ɗauke: in sayi maganin "ƙara garkuwar jiki" don ƙashina?

Tambaya: Shekaruna 53, shekara biyu ke nan da al'ada ta ɗauke mini. Na ji an ce garkuwar jiki na da hannu a raunin ƙashin da ke samun mata a wannan lokaci. In sayi ƙwayoyin ƙara garkuwa da ake tallatawa, ko kalsiyam ya isa?

Amsa: Yaya, abin da kika ji gaskiya ne, sai dai 'yan talla sun juya maganar. Riƙe kuɗinki tukuna.

Kullum ƙashi cikin rusau da gini yake: akwai ƙwayoyin halitta masu cinye tsoho, akwai masu ɗora sabo. Masu rusau ɗin danginsu ɗaya da wasu fararen ƙwayoyin jini, kuma umarnin garkuwar jiki suke ji. Babban saƙon da ke tashinsu aiki sunansa RANKL, jiki kuma yana da wani sinadari, OPG, mai tare wannan saƙo. Muddin istirojin, sinadarin jikin mace mai tafiyar da al'ada, na nan da ƙarfinsa, yana danne saƙonnin kumburi irin su TNF da IL-6, yana kuma ƙara OPG. Da ya ragu bayan ɗaukewar al'ada, sai saƙonnin su yawaita, masu rusau su ƙaru, su daɗe suna aiki, magina kuwa su kasa cike gurbin. Shi ya sa asarar ta fi sauri a shekarun farko, kuma ba ta ciwo, sai ranar da aka karye a wuyan hannu, ƙugu ko gadon baya.

Kin ga ke nan garkuwarki ba ƙarfi ta rasa ba, saƙonta ne ya wuce kima. Me za ki ƙara? Ƙwayar da aka rubuta wa "ƙara garkuwa" a kwalba ba maganin zaizayewar ƙashi ba ce.

Kalsiyam yana da amfani, amma kayan gini ne, shi kaɗai ba ya hana rusau. Mace mai sama da shekara 50 tana bukatar kimanin miligiram 1,200 a rana, har da wanda ke cikin abinci, don haka giɓin kawai za ki cike. Kada ki wuce miligiram 500 zuwa 600 a sha ɗaya, jiki ba ya iya zuƙe fiye da haka sosai, kuma ki kula da bitamin D. In da ni ce, kuɗin zan kai wurin hoton auna ƙarfin ƙashi, DXA, idan likita ya ga akwai dalili, musamman in mahaifiyarki ta taɓa karyewa a ƙugu ko kin daɗe kina shan maganin kumburi firednisolon. A hoton, maki -2.5 ko ƙasa da haka shi ne cutar zaizayewar ƙashi.

Tambaya: Likita ya ba mahaifiyata zaɓi tsakanin ƙwayar alendironet da allurar Prolia don raunin ƙashi. Wanne ya fi?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Prolia, wadda aka amince da ita a Amurka a 2010, tana kama RANKL ɗin nan ne kai tsaye, allura ɗaya duk wata shida. Tana aiki ƙwarai, amma tana da sharaɗi mai nauyi: ba a tsallake ta, ba a kuma daina ta haka kawai. In aka yanke, rusau kan dawo da ƙarfi, har ƙasusuwan baya su iya karyewa, sai an bi ta da wani magani. Idan ba ku da tabbacin samunta da biyan kuɗinta a kan lokaci, ku faɗa wa likita tun yanzu.

Alendironet sau ɗaya ake sha a mako, da safe kafin a ci komai, da kofin ruwa cike, kuma ba a kwanciya sai bayan minti 30. Ba ta dace da mai matsalar hanyar da abinci ke bi zuwa ciki ko ƙodar da ta yi rauni sosai ba. Ko wanne kuka ɗauka, a duba mata haƙora da yawan kalsiyam na jini kafin a fara.