Alkafurar jirgin yaƙi a bikin baje koli: ita ce ma'aunin ƙarfinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli bidiyon bikin baje kolin jiragen sama da aka yi a Indiya a 2025, inda Su-57 na Rasha da F-35 na Amurka suka haɗu a fili ɗaya. Na Rasha ya riƙa tsayawa cak a sama yana juyi kamar ba ƙarfe ba, na Amurka kuwa ban ga ya yi abin a zo a gani ba. A majalisarmu an riga an yanke hukunci cewa na Rasha ya fi. Haka abin yake? In kuwa haka ne, me ya kai Najeriya sayen JF-17 da Super Tucano? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, idonka bai yaudare ka ba. Jiragen biyu sun haɗu a sansanin Yelahanka da ke Bengaluru a watan Fabrairun 2025, kuma a fagen juyi cikin ƙaramin gudu Su-57 ya fi F-35 nesa ba kusa ba. Hukuncin majalisarku ne bai tsaya da ƙafarsa ba, domin abin da ake nunawa a irin wannan biki da abin da ke raba gardama a yaƙin sama ba su cika haɗa hanya ba.

Fara da yadda ake shirya jirgin kafin ya tashi. Wasan bai wuce 'yan mintoci ba, don haka ba a cika masa tanki, kuma galibi ba a rataya masa komai a ƙarƙashin fiffike. Ba ƙaramin sauƙi ba ne wannan. F-16 yana ɗaukar mai kusan tan 3.2 a cikinsa, F-35A kusan tan 8.3, Su-35 kuwa tan 11.5. In ka rage rabin wannan, ka sauke masa nauyin da zai sa ya hau sama a miƙe kamar kibiya. Ranar aiki kuwa akwai tankokin ƙari, da bama-bamai, da na'urar saita hari, kowanne yana ƙara nauyi yana kuma tokare iska. F-16 da babu kaya yana jure juyin da ya kai G 9, wato jikin matuƙi da na jirgin su ji nauyinsu ya ninka sau tara. Da an ɗora masa manyan bama-bamai, iyakar da aka yarje masa takan sauko wajen G 5.5. Jiragen da ke ɓoye makamansu a ciki, irin su F-35 da Su-57, wannan giɓi bai kai haka a kansu ba, amma nauyin mai yana nan.

Sai tsayuwar nan da ta burge ka. Mafi shahara a cikin irinta ita ce wadda ake kira Kobura, da Viktor Pugachev ya nuna da Su-27 a bikin Paris na 1989. Matuƙi yana tafe cikin matsakaicin gudu, ƙasa da kilomita 500 a awa, sai ya kashe na'urar da ke hana hancin jirgi ɗagawa fiye da kima, ya fizgo sandar tuƙi gaba ɗaya. Hanci ya miƙe har ya ɗan zarce tsaye, jirgin yana ci gaba da tafiya da cikinsa a gaba, duk faɗin jikinsa ya zama birki. Bayan 'yan daƙiƙu hancin ya faɗo, inji ya sake jan jirgin. Wanda ya taɓa ganin jahi a hawan salla ya san abin: mahayi ya sako doki a guje, ya ja linzami gaban sarki, doki ya yi tsaye da ƙafafun baya. Shaida ce ta doki mai horo da mahayi gwani, amma a wannan lokacin dokin ba ya zuwa ko'ina.

A nan matsalar take. Jarin jirgin yaƙi gudu ne da tsawo, kuma ana canza ɗaya da ɗaya: ka sauko ka sami gudu, ka hau ka kashe shi. Wani matuƙin Amurka, John Boyd, shi ya tsara wannan lissafi a shekarun 1960, kuma da shi aka ƙera F-16. Kobura tana cinye jarin nan kusan duka a lokaci guda. In abokin gaba ɗaya ne tak, yana dab da wutsiyarka, mai yiwuwa ya zarce ka sami damar harbi. Amma jiragen yaƙi bibbiyu suke tafiya ko hurhuɗu, kuma na biyun zai tarar da kai a rataye, ba ka da gudun da za ka kauce wa komai.

Ba wai abin banza ba ne. Injin da bai shaƙe ba alhali iska tana shigar masa a karkace inji ne na ƙwarai, kuma bakin inji mai lanƙwasa, wanda Su-35 da Su-57 suke da shi, yana ba matuƙi iko a gudun da fiffike ya daina aiki. Amurka ma ta sa shi a F-22, yana lanƙwasa digiri 20 sama ko ƙasa. Da ta zo kan F-35A sai ta ƙi sa shi da gangan, saboda nauyi ne da kuɗi, kuma amfanin juya hanci ya ragu tun da aka fara saita makami da hular matuƙi. Abin lura, Tarayyar Sobiyet ce ta fara girgiza duniya da wannan dabara. Bayan haɗewar Jamus a 1990, sojan samanta ya gaji MiG-29 guda 24 daga Jamus ta Gabas, kuma a atisaye matuƙan ƙasashen Yamma suka gane cewa mai MiG-29 zai iya waiwayawa kawai ya kalle su, makamin R-73 ya kama zafin injinsu ba tare da an juya jirgin sosai ba. Yau makamin AIM-9X na Amurka da ire-irensa duk suna yin haka.

To me ke raba gardama? Wanda ya fara gani, ya fara harbi, daga nisan da ido ba ya kaiwa. A nan ne layar zana, wato fasahar ɓoye jirgi daga na'urar rada, ke shigowa, kuma tana da lissafi mai sauƙin riƙewa. In ka rage yawan abin da jikin jirgi ke mayar wa na'urar rada sau 16, nisan da za a hango shi rabi kawai zai ragu. Sai ka rage sau 10,000 kafin nisan ya koma kashi ɗaya cikin goma. Shi ya sa ba fenti ba ne kaɗai: siffar jiki ce, da lanƙwasa hanyar iska don a ɓoye fuskar inji, da sanya makamai a ciki, da daidaita bakin kowace ƙofa. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da mai kallo zai auna daga ƙasa. Hasali ma, idan F-35 zai fita bainar jama'a akan ɗaura masa wasu ƙananan ƙullutu a sama da ƙasan jikinsa, aikinsu su ƙara masa girma a rada, don masu kula da zirga-zirgar sama su gan shi, kuma kada baƙi su auna ainihin ɓuyarsa.

Hatta alƙaluman da kamfanoni ke bugawa a yi hattara da su. In an ce makami mai linzami yana cin kilomita kaza, ana nufin an harba shi daga sama can, cikin babban gudu, kan jirgin da ke tahowa gaba da gaba. In wanda aka harba wa ya juya ya sauko inda iska ke da kauri ya gudu, nisan yakan faɗi ƙasa da rabi, saboda rokar yawancin makaman nan 'yan daƙiƙu take ci ta mutu, sauran tafiyar da ragowar gudu ake yi. Abin da ya ɗaga darajar makamin Meteor na Turai ke nan, injinsa yana shaƙar iska yana ci gaba da turawa har kusa da ƙarshe. Haka batun gudun ƙoli. F-35 da JF-17 duka suna tsayawa wajen ninki 1.6 na saurin sauti, amma ba wanda zai ce sa'o'in juna ne. Kuma ba a daɗewa a wannan gudu, don F-16 da ya buɗe wutar baya, wato ƙarin man da ake ƙonawa a bayan inji don ƙara gudu, a ƙasa-ƙasa zai shanye man cikinsa kafin minti goma.

Arangamar Indiya da Pakistan ta ranar 7 ga Mayun 2025 misali ce ta kusa. Jiragen kowane ɓangare suna cikin sararin ƙasarsu aka yi ta. Pakistan ta ce J-10C ɗinta da makamin PL-15 sun kakkaɓo jiragen Indiya har da Rafale, babban hafsan tsaron Indiya kuma ya amsa cewa sun yi asarar jirage amma ya musanta adadin da aka faɗa. Ko wane ne mai gaskiya a adadin, ba wanda ya yi alkafura a daren. Aikin rada ne, da jiragen leƙe masu hango nesa, da hanyar da suke miƙa wa juna bayanai.

Masu saye da gaske ba sa dogara da biki. Lokacin da Indiya ta nemi sabon jirgi, shida suka shiga takara: F-16, F/A-18, MiG-35, Gripen, Typhoon da Rafale. An kai su zafin hamadar Jaisalmer, an kai su Leh da ke sama da mita 3,000 a tsaunukan Himalaya, inda ƙarancin iska ke rage wa inji ƙarfi tun daga tayarwa. A 2011 aka tace saura biyu, a Janairun 2012 aka zaɓi Rafale. Bayan wannan akwai tambayar da ba ta da armashi amma ta fi kowacce ciwo: cikin jirage goma, nawa ne za su iya tashi gobe da safe? F-35 ɗin ma bai tsira a nan ba. Ofishin binciken kuɗin gwamnatin Amurka ya ba da rahoton cewa a watan Maris na 2023 kusan kashi 55 cikin ɗari ne kawai na jiragen ke shirye su yi aiki.

In za ka sake kallon irin wannan bidiyo, bar tsayuwar ka duba zagaye. Jirgin da ya kammala da'ira cikakkiya a matse, bai rasa tsawo ba, sannan ya fita ya hau sama nan take, shi ne mai inji da fiffiken da suka isa. Wanda ya juya hanci da sauri sannan ya sunkuya neman gudu, bashi ya ci. Farin tururin da ke lulluɓe fiffike kuwa ba alamar keta saurin sauti ba ce, laimar iska ce ke daskarewa inda matsin iska ya faɗi. Hayaƙin da ke zana layi mai ne ake fesawa cikin zafin bayan inji.

Wasan kansa yana cin rai, kuma yawanci lissafi ne ke kuskurewa ba inji ba. Kowace alkafura tana da sharaɗi: tsawo kaza da gudu kaza a ƙololuwa, in ba su cika ba a fasa. A Satumban 2003, a Mountain Home ta Amurka, matuƙin F-16 na tawagar Thunderbirds ya yi lissafi da tsawon wani filin daban, ya kifa jirgin daga ƙafa 1,670 maimakon 2,500. Ya yi tsalle da kujerar tsira ƙasa da daƙiƙa ɗaya kafin jirgin ya daki ƙasa. A Shoreham ta Ingila a 2015, wani tsohon Hawker Hunter ya kai ƙololuwa ba tsawo ba gudu, ya ci gaba, ya faɗa kan babban titi, mutum 11 suka rasu. Ramstein ta Jamus a 1988 mutum 70, Sknyliv ta Yukren a 2002 mutum 77. Daga irin waɗannan aka tsaurara doka: a Amurka jirgi mai gudu ba ya wasa ƙasa da ƙafa 1,500 daga layin 'yan kallo. Mu ma mun ɗanɗana. Ranar 28 ga Satumban 2018 jirage biyu samfurin F-7Ni suka gogi juna a Abuja wajen gwajin faretin ranar 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Game da Najeriya, dubi abokin gabar tukuna. Boko Haram da 'yan bindigar daji ba su da jiragen yaƙi. Abin da ake buƙata jirgi ne da zai daɗe a sama yana dubawa, ya bambance ayarin babura da 'yan kasuwa, ya jefa bam inda aka nufa, kuma kuɗin tashinsa ya zama wanda za a iya biya kullum. Super Tucano mai farfela ne, yana awoyi a sama da man da jirgi mai gudu zai ƙone cikin ɗan lokaci, shi ya sa aka karɓi 12 a 2021 aka ajiye su a Kainji. Haɗarin da ke gabansa daga ƙasa yake, kamar yadda aka gani a Yulin 2021 da 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙin ya yi tsalle ya tsira. JF-17 guda uku da aka ƙaddamar a Makurdi a Mayun 2021 su ne na tsaron sararin sama, kuma a ganina nakasunsu ba a juyi yake ba, a adadi yake. In ɗaya yana garejin gyara, ɗaya ana horo da shi, saura ɗaya. Jirage 24 samfurin M-346 da aka yi oda daga kamfanin Leonardo na Italiya za su rage wannan giɓi ne gwargwadon kayan gyara, makamai da horon injiniyoyin da aka haɗa a cikin cinikin.