Shafina ya yi kyau, amma ba a saye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Na kashe kuɗi aka gina mini shafin intanet, kowa ya gani sai ya yaba, amma wata huɗu ke nan ko turmi ɗaya ba a saya ta cikinsa ba. Wanda ya gina ya ce in ƙaro kuɗi ya sa bidiyo a fuskar shafin. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka biya. Bidiyon nan zai ƙara wa ciwon gishiri ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu ginin da ke sayar wa 'yan kasuwa ado a matsayin inganci. Su buɗe maka shafin a babbar kwamfuta, a ofis mai intanet mai ƙarfi, hotuna suna ta shawagi, ka ce madalla. Alhali mai sayenka tana cikin adaidaita sahu, da Itel a hannu, datarta ta kusa ƙarewa. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 3 ko fiye. A jera guda ashirin ba a rage nauyinsu ba, an tashi megabait 60 kafin ta ga farashi. Google ya auna a 2016: kashi 53 cikin 100 na masu shiga ta waya suna ficewa idan shafi ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Wanda ya san wannan kuma ya ce a ƙara bidiyo, aljihunka yake kallo.

Ka sa mai ginin ya mayar da hotunan WebP, wato tsarin ajiye hoto mara nauyi, kowanne ƙasa da kilobait 200. Farashi da adadin yadi su zauna a ƙarƙashin kowane hoto. Maɓallin saye ya kai fiksel 48 (ma'aunin girma a fuskar waya) don babban yatsa ya same shi. A cire dokar sai an yi rajista kafin a biya. A duba ko ƙ, ɗ da ɓ suna fita daidai, don wasu nau'o'in rubutu akwati suke nunawa. Sannan ka sa adireshin shafin a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin buɗewar shafi, kyauta ne, ka duba sakamakon waya.

Daga nan ka samu mutum biyar, adadin da Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, ya nuna yana fito da mafi yawan matsaloli. Kowa da wayarsa, ka ce ya sayi turmin atamfa ɗaya, ka yi shiru kana kallo. Duk inda yatsansa ya tsaya yana dube-dube, ka rubuta, ka kai wa mai ginin.