Amsa ga ɗan'uwan da hoton kaset ɗinsa ya lalace a kwamfuta

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka kwashe tsofaffin kaset ɗin bidiyo na gidanku zuwa kwamfuta da ƙaramar na'urar nan ta USB, hoton ya fito dishi-dishi yana rawa, gefen mutane ya yi tsage-tsage kamar haƙoran matsefi, kuma da ka tace ka fitar sai abin ya ƙara muni. Wallahi na tausaya maka. Wannan ciwo ne da duk mai riƙe da kaset ya sani, musamman idan a ciki akwai fuskar wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Kafin komai, kada ka zubar da kaset ko ɗaya. Ka ɓalle ɗan murfin nan na bayan kaset ɗin VHS don kada a ɗauki wani abu a kai bisa kuskure. Sannan ka leƙa ta tagar kaset. Idan ka ga fari-fari ko toka-toka a gefen naɗin zaren, fumfuna ce, kada ka saka shi a bidiyo, domin zai toshe hed, wato ɗan kan da yake karanta zaren, kuma ya shafa wa sauran kaset ɗin. Wanda yake lafiya kuma, ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi sau ɗaya don naɗin ya saki.

Yawancin ingancin hoto a wajen kunnawa ake rasa shi, tun bai kai kwamfuta ba. Rawar da kake gani, da lanƙwasar saman hoto, daga lokacin isowar layukan da suke haɗa hoton suke. Zare yana miƙewa da tsufa, gangar da take ɗauke da hed ba ta juyawa daidai ɗari bisa ɗari, sai kowane layi ya iso da ɗan jinkiri ko gaggawa. Tsohuwar talabijin tana haƙuri da wannan, na'urar USB kuwa ba ta yi: ko ta lanƙwasa hoton, ko ta yar da firam, wato ɗaya daga cikin hotunan da suke jeruwa su ba da motsi, kuma yar da firam ɗin nan ne yake sa murya ta rabu da baki bayan an yi nisa. Maganinsa TBC, wato na'urar da take daidaita lokacin layukan nan. Akwai wanda yake cikin bidiyo kansa, mai miƙe layuka, irin na S-VHS na JVC da Panasonic, misali AG-1980 na NTSC ko NV-FS200 na PAL (NTSC da PAL tsarin hoton talabijin ne iri biyu). Akwai kuma na waje, irin Datavideo TBC-1000, wanda yake ba kwamfuta sigina mai tsabta don kada ta yar da firam. Idan waɗannan sun gagara, na'urar ɗaukar DVD ta Panasonic DMR-ES10 ko ES15 tana aiki idan ka ratsa hoton ta cikinta kawai ba tare da ka ɗauka a faifai ba. Ba ta kai TBC na gaske ba, amma tana miƙe layuka sosai. Ka sani tun 2016 kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera bidiyon kaset, don haka duk wanda za ka samu tsoho ne. Ka fara gwada shi da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, kada ya tauna maka na kirki.

Waya ma tana da nata. Mai kai rawaya ɗin nan tana cakuɗa haske da launi a hanya ɗaya, shi ya sa ake ganin ɗige-ɗige suna rarrafe a gefen jan kaya. S-Video tana raba su. Indai bidiyon yana da wannan kafar, da ita za ka yi aiki.

Abin da yake ƙona mini rai shi ne masu karɓar kaset ɗin mutane su mayar musu a faifai. Ba duka ba, amma da yawansu Allah ya shirye su. Za su kunna kaset a bidiyon da hed ɗinsa ya ci ya ƙare, ba TBC, ba wanda ya zauna ya gyara tirakin, wato daidaita hed da zare, su cusa awa huɗu ko shida a faifan DVD ɗaya mai gigabait 4.7, alhali awa ɗaya zuwa biyu ne iyakar abin da zai ɗauka hoto ya zauna lafiya. Hoton kaset cike yake da ƙwayoyin yayyafi, kuma matsewar MPEG-2 ba ta jure su idan wuri ya yi kaɗan, sai fuskoki su farfashe su koma murabba'i-murabba'i. Sannan su miƙa wa mutum faifai su ce ai haka kaset ɗin yake, tsoho ne. Mutum ya yarda, ya koma gida ya zubar da asalin. Shi ke nan an gama da shi, domin abin da matsewa ta cinye babu manhajar da za ta dawo da shi. Wasu ma har miƙe hoton suke yi ya cika faɗin sabuwar talabijin, kowa ya yi ƙiba a ciki, su kira wannan gyara. Amanar tarihin iyali ce aka ba su, suke wasa da ita haka.

To, mu koma kan kwamfutarka. Ka ɗauka a girman asali: 720 da 576, firam 25 a daƙiƙa idan PAL ne, ko 720 da 480, firam 29.97 idan NTSC ne. Kada ka bari na'ura ta kumbura shi zuwa 1080 a lokacin ɗauka, kuma ka guji akwatunan da suke mayar da hoton HDMI, domin suna lalata saƙar layuka tun kafin ka taɓa ta. Kada ka ɗauka kai tsaye a MP4. Ka yi amfani da VirtualDub ko AmarecTV, da kodek, wato tsarin matse hoto, marar asara irin HuffYUV, Lagarith ko FFV1, launi a 4:2:2, murya PCM a 48 kHz. Awa ɗaya za ta ci wajen gigabait 30 zuwa 40. Na san da nauyi, amma wannan fayil shi ne uwa, daga gare shi komai zai fito. Kafin ka danna ɗauka ka duba ma'aunin haske ya tsaya tsakanin 16 da 235. Idan fari ya ƙone a nan, farar riga ta zama faranti ɗaya babu ninki, ba ya gyaruwa daga baya.

Tsage-tsagen da ka gani ba lalacewa ba ce. Kowane firam rabi biyu ne a saƙe, layukan mara da na cika, an ɗauke su a lokuta daban, rabi 50 a daƙiƙa a PAL. Manhajoji marasa kyau suna zubar da rabi ɗaya, sai ka rasa rabin layukan hoto da rabin santsin motsi. Abin da ya fi shi ne matatar QTGMC mai warware saƙar, ta AviSynth ko VapourSynth, ko ta manhajar Hybrid idan ba ka son rubuta umarni. Zai ba ka firam 50 cikakku, ko 59.94 a NTSC. Ka kula da wane rabi ne na farko: yawancin na'urorin ɗauka na sama suke farawa da shi, DV kuwa na ƙasa. Idan ka juya su, motsi zai riƙa yin gaba yana baya.

Af, idan kaset ɗin MiniDV ne ko Digital8, ka manta da duk wayoyin nan. Hoton ya riga ya zama lambobi, ta FireWire za ka kwashe shi yadda yake, wajen gigabait 13 a awa. Wasu kyamarorin Digital8 na Sony ma suna kunna Video8 da Hi8, amma ba dukkansu ba, ka duba lambar samfurin.

A wajen tacewa, sau ɗaya tak za ka matse. Ka yanka, ka gyara launi a kan fayil ɗin uwa, ka fitar a H.264 da ma'aunin inganci na CRF wajen 18. Duk lokacin da ka ɗauki MP4 ka sake fitar da shi MP4, wani abu ya tafi, kuma ina zaton nan ne naka ya ƙara lalacewa. Ka sassauta hannu wajen cire yayyafi da ƙara kaifi, in ba haka ba fata za ta yi sumul ta rasa kamanninta, gefuna su yi farin zobe. Manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira kuwa, don Allah ka yi hattara da su a kan fuskoki, domin ƙirƙiro ido da haƙori suke yi, ka wayi gari da fuskar da ba ta mahaifinka ba. Yagewar da take ƙasan hoto ta sauyin hed ce, kowane kaset ɗin VHS yana da ita. Ka rufe layuka 8 zuwa 12 na ƙasa da baƙi, kada ka yanke ka ja hoton. Siffarsa 4:3 ce, ka bar ta haka. Idan YouTube za ka ɗora, a nan ne kaɗai za ka ɗaga shi zuwa 1440 da 1080, domin yana matse ƙananan hotuna da yawa, kuma ba ya ba da firam 50 a ƙasa da 720.

Idan hoto ya cika da yayyafi farat ɗaya, hed ne ya toshe. Ka cire wuta, ka jiƙa farar takarda da sinadarin isofurofil (isopropyl alcohol) mai ƙarfin kashi 99, ka manna a jikin ganga ka juya gangar da yatsa a hankali. Ban da auduga, ban da gogawa sama da ƙasa, hed yana karyewa.

Fayil ɗin uwa ka ajiye shi a rumbun ajiya biyu aƙalla, ɗaya ba a gida ɗaya ba. Kaset kuma a tsaye, nesa da danshi da zafi da lasifika. Ka faɗa mana irin kaset ɗin, lambar bidiyon da kake kunnawa da shi, da ko a SP (gudun zare na yau da kullum) aka ɗauka ko LP (gudu a hankali don kaset ya ɗauki dogon lokaci), domin na LP yakan ƙi zama a kan bidiyon da ba shi ya ɗauke shi ba, kuma shawarar za ta ɗan sauya.