Amsa ga Kawu kan daren sabuwar shekara a Amurka

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso, inda ka tambayi ko gaskiya ne abin da ka gani a talabijin na dandazon mutane tsaye cikin sanyi suna ƙirga daƙiƙoƙi, da kuma ko mu Hausawan da muka daɗe a nan muna shiga cikinsu. Abin da ka gani gaskiya ne, sai dai ɗan yanki ne na al'amarin.

Bukukuwan ƙarshen shekara a nan suna farawa ne tun ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, wadda suke kira ranar godiya. Ita ce ta fi kama da Sallarmu wajen komawa gida, domin filayen jirgi da manyan hanyoyi cika suke yi, kowa na ƙoƙarin isa gaban iyayensa a ci gasasshen talotalo tare. Kirsimeti ma ta iyali ce da coci. Amma daren 31 ga Disamba na abokai ne da titi, kuma a wurin yawancinsu babu ruwansa da ibada.

Wurin da aka nuna maka shi ne dandalin Times Square da ke tsakiyar birnin New York. Tun 1907 ake sauko da wata ƙatuwar ƙwallo mai fitilu daga saman wani bene a can. Tana fara saukowa saura minti ɗaya sha biyun dare, jama'a su ƙirga daƙiƙoƙi goman ƙarshe da baki ɗaya, sannan a ɓarke da ihu da rungume-rungume. Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne tun da rana mutanen suke tsaye a cikin shingayen 'yan sanda, kuma wanda ya fita neman bayan gida ya rasa wurinsa ke nan. Shi ya sa baƙi suka fi yawa a wurin, 'yan gari kuwa a talabijin suke kallo, kamar yadda ka yi. A lokacin da ƙwallon ke sauka, ƙarfe shida na safe ne a Katsina, mutanen Kalifoniya kuma da sauran awa uku kafin tasu shekarar ta shiga.

Mu dai, a unguwar Bronx ta birnin New York, inda Hausawan zangon Gana da na Nijar da na Najeriya suke haɗuwa a masallatai ɗaya, wannan dare daren neman kuɗi ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙin tasi, kuma ban taɓa kwana a gida a irin wannan dare ba, saboda wanda ya sha giya ba ya son 'yan sanda su kama shi a bayan sitiyari, sai ya nemi mota. Kuɗin akwai, amma da wahalarsa. Na taɓa wayar garin sabuwar shekara ina wanke kujerar baya da ruwan zafi saboda aman wani fasinja, hannuna na ƙanƙarewa. Matanmu masu aikin kula da tsofaffi su ma da yawa sukan karɓi aikin ranar, don wasu wuraren suna ƙara kuɗi a ranakun hutu. Damuwarmu ita ce samari, shi ya sa wasu masallatai kan shirya musu karatu da abinci har bayan sha biyu, don kada titi ya ja su.

Game da cewa "barka da sabuwar shekara", malamanmu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, kuma ba ni ne zan raba gardamar ba. Ni dai idan maƙwabci ya yi mini, nakan amsa, domin da wannan kalanda nake biyan kuɗin haya, kuma shi ma da Sallah yakan yi mini barka. Tun 2015 makarantun gwamnati na birnin New York suke ba da hutun Sallah ƙarama da babba, saboda haka yaranmu sun san wace ce ranarsu.

Abin da na fi so ka ji shi ne na wata tsohuwa baƙar fata da ke hawa na uku a gidan da muke haya, wadda asalin iyayenta mutanen jihar Karolina ta Kudu ne. Wata shekara, ranar 1 ga Janairu da hantsi, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da kwano a rufe, ta fara da rantsuwa cewa babu naman alade a ciki, da ƙyafaffen talotalo ta dafa saboda mu. Da matata ta buɗe, sai ta yi dariya ta ce ai wannan wake da shinkafa ne, mai da yaji kawai ya rasa. Farin wake ne mai baƙin ido, irin wanda ake nomawa a gonarka. A jihohin kudancin ƙasar nan al'ada ce a ci shi ranar farko ta shekara don neman buɗi, suna cewa waken na wakiltar tsabar kuɗi, dafaffen ganyen da ake haɗawa da shi kuma takardar dala. Canfin ban ɗauka ba, amma waken ya tsaya mini a rai, domin daga Afirka ta Yamma ya ƙetara teku a zamanin cinikin bayi, jikokin waɗanda aka kwashe kuma suka riƙe shi har yau.

Ita ce kuma ta bayyana mini dalilin da ya sa cocinsu ke cika a daren da wasu ke shaye-shaye. A daren 31 ga Disamba 1862 kakanninsu suka raya dare suna addu'a, suna jiran gari ya waye dokar Shugaba Abraham Lincoln ta 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye ta fara aiki. Har yanzu sukan taru su jira sha biyun dare, wasunsu a durƙushe.

Tun daga shekarar, duk 1 ga Janairu kwanonta na saukowa, mu kuma da layya mukan hau mata da soyayyen nama. Bara ta ɗanɗana yajinmu a kan waken, ta yi tari har da hawaye, sannan ta ce a ƙara mata. Idan an sami mai tahowa kafin Disamba, don Allah Kawu a sa Inna ta daka mana, mai citta da yawa.